Me ya sa buga faifan biki ke cin yini guda, kuma ina mafita?

Duk wanda ya taɓa zama a shagon masu ɗaukar bidiyon biki, a Birnin Kebbi ne ko Jega ko Yawuri, ya san wannan zaman jira. Tun da hantsi an jera hotuna, an sa sabon faifai, an danna maɓalli. Koren layin nan ya taho kamar da gaske, can sai ya cije. La'asar ta yi, janareto na shan mai, uwar amarya ta aiko yaro karo na uku: "Yaya, Hajiya ta ce wai ko an gama?" Amsar kullum ɗaya ce: "Ce mata yana kan bugawa." Alhali in ka kasa kunne kusa da kwamfutar, faifan ko juyawa bai fara ba.

Abin da ake kira buga faifai ayyuka uku ne manhaja ta dunƙule ƙarƙashin maɓalli guda. Da farko sai an sauya bidiyon zuwa tsarin da na'urar DVD ke ganewa, wato MPEG-2. Sannan a shirya shi, a yi menu, a yanka babi-babi, a zuba a foldar VIDEO_TS cikin fayilolin VOB da ba sa wuce gigabait 1 kowanne, tare da ƙananan fayilolin IFO da BUP masu gaya wa na'ura inda komai yake. Daga ƙarshe a rubuta a jikin faifai. Wannan na ƙarshen shi ake ɗora wa laifi, kuma shi ne mafi sauri. Cikakken faifai mai gigabait 4.7 yana rubutuwa cikin kusan minti 15 a gudun 4x, kusan minti 10 a 8x. Shiryawar ma 'yan mintuna ce. Sauran awoyin duk na aikin farko ne.

Lissafin ba wuya. Tsarin talabijin ɗinmu PAL ne: hoto 25 a daƙiƙa, kowane hoto fiksel 720 a kwance, 576 a tsaye. Bikin awa 2 hoto 180,000 ke nan. Idan kwamfutarka tana iya sarrafa hoto 20 a daƙiƙa, awa 2 da rabi za ta ci. Idan manhajar tana zagaye biyu, na farko ta nazarci bidiyon, na biyu ta matse shi, an doshi awa 5. Wata kwamfutar mai iya hoto 100 a daƙiƙa za ta gama zagaye ɗaya cikin minti 30. Yawancin manhajoji suna nuna wannan adadi a wani lungu na allon ko a cikin bayanan aikin, kuma shi ya kamata a riƙa kallo, don kashi-cikin-ɗarin nan yakan yi ƙarya.

Wani zai ce ai da wannan kwamfutar aka yi ta aiki shekaru ba ta nawa haka. Gaskiya ne, abin da ake ba ta ne ya canza. A zamanin kyamarar ƙaramin kaset na DV, hoton yana zuwa ne a 720 da 576, hoto 25 a daƙiƙa, daidai ma'aunin DVD, matsewa kawai ya rage. Yanzu ƙawayen amarya kowacce da wayarta ta ɗauki kamu, angon ya turo nasa, mai kyamara ya kawo nasa. Hoton 1080 ya ninka na DVD sau 5 a yawan fiksel, na 4K kuwa sau 20 cif. Kafin manhaja ta matse hoto ɗaya sai ta buɗe wancan ƙaton, ta ƙanƙance shi, ta zubar da kashi 19 cikin 20 idan 4K ne. Idan kuma wayar ta ɗauka a HEVC, tsarin matse bidiyo na sababbin wayoyi, buɗewar kaɗai ta isa ta durƙusar da tsohuwar kwamfuta. Firosesan Intel bai samu sashen da ke buɗe HEVC da kansa sosai ba sai a ƙarni na 6, shekarar 2015. Laftof ɗin gwanjo na ƙarni na 2 zuwa na 4 kuwa, da ƙarfin tsiya suke yin wannan aiki.

A nan ne ake asarar kuɗi. Mutum ya ji an ce katin hoto na NVIDIA yana sa fitar da bidiyo sauri, ya tara kuɗi ya saya, ya dawo ya tarar DVD na nan yadda yake. Sashen matse bidiyo na waɗannan katuna H.264 da HEVC ya sani, sababbinsu har da AV1, amma ba ya matse MPEG-2. Iyakar taimakonsa wajen buɗe fayil ɗin asali ne, shi ma sai in manhajar ta san yadda za ta nemi taimakon. Haka SSD, rumbun ajiya mai sauri: yana rage lokacin shiryawa da kwafe-kwafe, kwamfuta ta riƙa tashi da wuri, amma matsewa aikin firosesa ne.

Kafin a sayi komai, a danna Ctrl da Shift da Esc lokacin da aikin ke tafiya, a duba. Idan firosesa na kan kashi 100, to iyakar ƙarfinsa ke nan, ko kuwa zafi ya sa ya rage gudu. Idan yana yawo a kashi 25 ko 30 a kwamfuta mai ƙwaƙwalwa 4, manhajar ce ke aiki da ƙwaƙwalwa ɗaya sauran na zaune. Idan rumbun ajiya ne ke kan kashi 100, mai yiwuwa daga filash ko memori ake karanta bidiyon kai tsaye, ko ta igiyar waya. A fara kwafe komai cikin kwamfuta tukuna, a kuma bar fili aƙalla gigabait 15, domin manhaja takan ajiye aikin har kwafi uku kafin ta kai ga faifai. Idan kuma ba ka fara komai ba amma firosesa na ta haki, ka tuhumi manhajojin da aka fasa wa makulli aka ɗora maka a kasuwa. Sukan zo da baƙi a ciki, wato ƙwayoyin cutar kwamfuta.

Zafi kuwa ba sai an yi wa mutumin Kebbi bayani ba. Daga Maris zuwa Mayu shago mai rufin kwano tanderu ne, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fankar laftof tun Janairu. Firosesa idan ya doshi digiri 100 da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, shi ya sa aiki ke farawa da sauri, bayan minti 10 ya koma tafiyar hawainiya. Manhajojin Core Temp ko HWMonitor za su nuna maka zafin. Maganin ba tsada: a buɗe a hure ƙurar, a canza man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya shi, a ɗaga bayan laftof ɗin daga tebur, kada a ɗora shi kan katifa ko darduma. Sannan laftof idan wuta ta ɗauke ya koma kan batir, Windows na rage masa ƙarfi. Mai aiki da sola ko inbata ya tabbatar caja na jiki kuma tsarin wutar na kan cikakken ƙarfi.

Sai su manhajojin. Windows DVD Maker da ya zo da Vista da Windows 7, aka cire shi tun Windows 8 a 2012, har yanzu wasu na riƙe da shi saboda sauƙi. Aibinsa shi ne duk abin da ka ba shi sai ya sake matsewa, kuma ba ya ajiye maka ISO, wato kwafin faifan gaba ɗaya a fayil guda. Idan faifan ya lalace a minti na ƙarshe, ko gobe aka dawo neman ƙarin kwafi 5, daga farko za ka koma. DVD Flick kyauta ne kuma ya yi zamani, amma fitowarsa ta ƙarshe a 2009 ce, shekara 4 kafin a kammala tsarin HEVC, don haka bidiyon sababbin wayoyi baƙo ne a wurinsa. Wanda ya nace masa, ya shiga saitin aikin ya ƙara yawan ƙwaƙwalwar da zai yi amfani da ita, ya ɗaga fifikon aikin, zai ga bambanci. Adobe Encore ya tsaya a CS6 tun 2012. Nero yana aiki, sai dai nauyinsa da menu masu motsi da yake tallata maka. Menu mai motsi shi ma bidiyo ne da sai an matse, kuma kowane ɗan akwati mai wasa a cikinsa ƙarin aiki ne. Hoton ango da amarya a tsaye da maɓalli 3 ya wadatar, babu tsohuwar da ta taɓa ƙorafin menu bai yi rawa ba.

Hanyar da ta fi a ganinmu ita ce a raba ayyukan nan uku, kowanne a ba wanda ya iya, a kuma yi matsewa sau ɗaya tak. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mai tacewa ya fitar da aikinsa a MP4 na 1080, awa guda ko fiye, sannan ya jefa wa manhajar DVD ta sake buɗewa ta matse. Wahala biyu, inganci ya ragu sau biyu. Premiere Pro da Vegas da PowerDirector duk suna iya fitar da MPEG-2 na DVD kai tsaye daga teburin tacewa. Idan kuma fayil ɗin ya riga ya zama MP4, FFmpeg na yin aikin da layi ɗaya:

ffmpeg -i biki.mp4 -target pal-dvd -aspect 16:9 -b:v 6000k -b:a 192k biki.mpg

Wannan zai ba ka fayil mai cika dukkan ƙa'idar DVD. A kula, bidiyon da aka ɗauka da waya a tsaye sai an fara sa masa gefe da gefe a wurin tacewa, in ba haka ba za a ga amarya ta baje kamar an danne ta. Wanda baƙin allon rubutu ke ba shi tsoro, AVStoDVD na yin irin wannan da maɓallai, kyauta. ConvertXtoDVD da TMPGEnc Authoring Works na kuɗi ne, na biyun ya shahara wajen barin bidiyon da ya riga ya dace ba tare da ya taɓa shi ba.

Daga nan sai DVDStyler, shi ma kyauta. Ka jawo biki.mpg ciki, ka buɗe bayanan fayil ɗin ka tabbatar an zaɓi kwafe bidiyo da sauti yadda suke, kada a sake matsewa. Nan ake faɗawa rami: idan aikin da ka buɗe NTSC ne, wato tsarin talabijin na Amurka, fayil ɗinka kuwa PAL, ko fayil ɗin ya fi ƙarfin faifan, zai koma matsewa ba tare da ya yi shawara da kai ba. Alamar komai daidai ita ce ya gama cikin mintuna. Ka sa babi duk minti 10, ko a farkon kowane taro, ɗaurin aure, kamu, walima, don masu kallo su yi tsalle da rimot. Kada ka bari ya rubuta faifai, ka ce ya ajiye ISO. Ka buɗe ISO ɗin da VLC ka gwada maɓallan, ka leƙa ƙarshen bidiyon ka ga ko baki da murya suna tare. Sannan ImgBurn ya rubuta, ko kwafi 30 ake so daga wannan ISO ɗin ne.

Lambar nan 6000k ta layin FFmpeg, wato megabit 6, ita ce nauyin bidiyo a kowace daƙiƙa, kuma ita ce zuciyar sana'ar. Faifai mai gigabait 4.7, wanda kwamfuta ke nunawa 4.37, yana ɗaukar kimanin megabit 36,000 bayan an ware na menu da shiryawa. Ka raba da yawan daƙiƙoƙin bidiyonka, ka cire 0.2 na sauti. Minti 90 zai ba ka kusan 6.5, awa 2 kusan 4.8, awa 3 kusan 3.1. Ƙa'idar DVD ta tsayar da bidiyo a 9.8, amma a faifan da aka buga a shago gara kada a wuce 8, domin tsohuwar na'ura mai gajiyayyen ido takan riƙa sarƙewa. Daga wannan lissafi wani abu ke fitowa da zai cece ka awoyi: idan bidiyon bai wuce minti 70 ba, fili ya ishe ka ka ba kowace daƙiƙa 8, don haka zagaye biyu ɓata mai ne kawai. Amfanin zagaye biyu sai fili ya yi ƙaranci, inda ake son a ƙwace daga wurin da babu motsi a ƙara wa wurin rawa.

Ba kowane hoto ne ke cin fili daidai da wani ba. Malami zaune yana tafsiri, bango a bayansa, kyamara a kan ƙafa, ko a 3 zai fito tas. Amma ka ɗauki ranar su, wato kamun kifi, a Argungu, dubban mutane sun afka Matan Fada da koma da gora, ruwa na walƙiya, kyamara na bin su: a 4 hoton zai farfashe ya zama 'yan murabba'ai. Haka leshi mai duwatsu a ƙarƙashin fitilar dare, da ɗigo-ɗigon da waya ke yi idan haske ya yi kaɗan, duk MPEG-2 yana ɗaukarsu motsi ne yana kashe musu fili. Irin wannan aiki in ya wuce awa 2, a raba shi faifai biyu. Faifai mai hawa biyu na gigabait 8.5 ya fi tsada, kuma a wurin sauya hawa ne tsofaffin na'urori ke tsayawa. Na karatu kuwa akwai dabara: ƙa'idar DVD ta yarda da hoto mai 352 da 576, wanda a nauyin 2.3 zai ba ka awa 4 a faifai ɗaya, ga saurin matsewa. Sauti a bar shi a matse, AC-3 a 192k. Wanda ya bar shi PCM, wato ba a matse ba, ya ba da kusan gigabait 1.4 a bidiyon awa 2, kusan kashi ɗaya cikin uku na faifan.

Akwai matsalar da ba ta nawa ba ce amma tare suke tafiya. Wayoyi na ɗauka a hoto 30 a daƙiƙa, kuma ba tsayayye ba, yakan sauka idan duhu ya yi. Mayar da 30 zuwa 25 na nufin a jefar da hoto 1 cikin kowane 6, shi ne ɗan tsalle-tsallen da ake gani idan kyamara na juyawa. Rashin tsayuwar kuma shi ke sa tsofaffin manhajoji su fara daidai, a ƙarshen faifai mai waƙa ya rufe baki murya na ci gaba. Idan duk kayan aikin na 30 ne, ana iya yin faifan a NTSC, hoto 720 da 480, tunda yawancin na'urorin da ke gidajenmu suna karanta duka biyun, amma a gwada tukuna. Mafi alheri a gyara tun wurin ɗauka: kyamara a 25 ko 50, wanda ya dace da wutarmu mai bugu 50 har fitilu su daina ƙyaftawa a hoto. A iPhone akwai wurin kunna tsarin PAL a saitin kyamara, da wurin zaɓar H.264. A kashe HDR, don shi ke sa launi ya koɗe a DVD. Idan an san faifai za a yi, 1080 ya isa har ya yi yawa.

Wajen rubutawa, a tsaya a 4x ko 8x ko da an rubuta 16x a jikin faifan. Bambancin 'yan mintuna ne, faifan arha kuwa a babban gudu gefensa na waje ke lalacewa, daidai inda ƙarshen biki yake. Saboda haka ma gara a tsaya a gigabait 4.2 a lissafin kwamfuta a bar bakin faifan. A kunna tantancewar ImgBurn ko da a kwafin farko ne. ImgBurn na nuna lambar masana'antar da ta yi faifan, wadda sau da yawa ba ta da alaƙa da sunan da ke jikin kwali, kuma idan wani kwali ya ba ka matsala ka riƙe lambar. Kada a rubuta faifai babu batir ko UPS a tsakani, ɗaukewar wuta ta daƙiƙa ɗaya ta kashe shi. Mai buga 50 ko 100 a kai a kai, injin kwafi mai bakuna 7 ko 11 ya fi masa, ba ya ma buƙatar kwamfuta.

Sai tambayar da ya kamata a yi wa mai aiki tun ranar karɓar kuɗin kafin alƙalami: "Alhaji, a me za a kalla?" Da yawa faifai suke cewa don shi suka saba faɗa, alhali na'urar gidan ta daɗe da mutuwa. Idan fulasma ce mai bakin USB, MP4 na H.264 da sautin AAC a filash ya fi DVD kyau nesa ba kusa ba, kuma a nan ne Quick Sync na Intel, da ke cikin firosesa tun 2011, da katin NVIDIA ke nuna amfaninsu. HandBrake na wannan aiki da kyau, sai dai ba ya yin DVD. A tuna filash mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4, wasu talabijin kuma ba sa karanta exFAT, don haka a raba bikin kashi-kashi. Bakin USB na jikin tsohuwar na'urar DVD daban ne: yawanci AVI na Xvid ko DivX yake ganewa, wanda faɗinsa bai wuce 720 ba, ka sa masa MP4 na waya ya ce babu fayil. Irin wannan AVI ana iya zuba shi a faifai a matsayin fayil kawai, babu menu, awoyi da yawa su shiga. 'Yan uwa na nesa a tura musu ta WhatsApp a matsayin takarda, yana ɗaukar har gigabait 2 ba tare da ya matse ba. Tafsirin azumi kuwa idan murya ake so, MP3 a 64k awa 30 bai kai gigabait 1 ba, ƙaramin memori ya ɗauke watan gaba ɗaya.

Waɗanda har yanzu faifan suke so, iyaye da kakanni a Kamba ko Dakingari da na'urarsu ke aiki, makarantun da ke rabon faifan sauka, a yi musu, kuma a ajiye tsohuwar na'ura mafi rigima a shago don gwaji. Faifan da ta karanta har ƙarshe zai yi a ko'ina. Faifan DVD-R ya fi DVD+R shiga tsofaffin na'urori. A rubuta suna da alƙalamin faifai mai taushin baki, kada a manna takarda, don zafi na ɗaga ta faifan ya riƙa rawa a ciki. A gaya wa mai shi kada ya bar shi a gaban mota, rinin da ke ɗauke da rubutun rana na cinye shi. ISO ɗin da ainihin fayilolin 1080 kuma a kwafe su a rumbun waje kafin a share kwamfuta, a rubuta sunan biki da kwanan wata a jikin foldar.